Bakancen da Zuleide Ta Ɗora wa Mijinta

Genival mijin yayata ne, kuma na yi kusan shekara guda ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci yabonsa na zo yi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rana da gishiri sun cinye masa fatar wuya, ga taurin kai, ga rashin magana. Tun yana yaro yake fita teku a kan jangada, ƙaramin jirgin sun nan namu na katako, shi da abokinsa Deda, su tafi da asuba iska na tura su, su dawo da la'asar da abin da Allah ya ba su. Har ya haura shekara hamsin a haka, kuma bai iya iyo ba.

A garinmu Barra Funda wannan ba abin kunya ba ne. Mazanmu ba sa iyo. In ka tambaye su sai su ce wanda jirginsa ya kife a tsakiyar teku, iyo ba abin da zai ƙara masa sai tsawon wahala, gara ya tafi da wuri. Tsofaffi kuma su ce wanda ya koyi iyo ya nuna wa teku bai yarda da ita ba, ita kuwa ba ta mantuwa. Ni dai ban taɓa jin maganar banza irin wannan ba. Babanmu ba a tsakiyar teku ya mutu ba. A bakin mashiga, inda jirage ke bi su shigo gaɓa, ya nutse, muna tsaye a kan yashi muna hango hularsa. Mamarmu ta riga shi rasuwa, don haka aka raba mu. Zuleide aka kai ta wurin gwaggo ta zama 'yar aikin da ba a biya, ni aka tura ni can cikin ƙasa wurin kawu. Sai da muka zama 'yan mata muka sake kwana a ɗaki ɗaya.

Zuleide ta auri Genival, ta haifa masa 'ya ɗaya, Jaciara, bayan har an fid da rai. Tun farkon aurensu take roƙonsa ya koyi iyo. Ta yi lallashi, ta yi gaba, ta yi yaji zuwa ɗakina. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Ke dai dafa kifin, ki bar mini teku.” Da ta gaji sai ta daina. Ta koma saƙar leshinta a ƙofar gida, hannu na aiki, ido na kan ruwa har jiragen su dawo.

Ciwon ya fara mata a nono, ta ɓoye har ya kai hammata. Mu nan ba a kiran sunansa, sai a ce mugun ciwon nan, a yi alamar gicciye. Ni ina kiransa da sunansa, ciwon daji, don ban ga abin da sakaya sunan ya hana shi yi ba. Asibitin da ke maganinsa yana Fortaleza, tafiyar rabin yini a bas, kuma ni ce mai jinya. Da ba don gidan Dona Lindalva ba, da a kan benci za mu riƙa kwana. Tsohuwar nas ce da ta mai da gidan gadonta masaukin masu ciwon daji daga ƙauyuka. Kwana kyauta, abinci kyauta, ga wata tsohuwar mota mai kai mutane asibiti.

Da sadaka gidan yake tafiya, mafi yawanta kuma daga tsere guda take zuwa, wanda ake yi duk shekara a birnin. A yi iyo mai nisa a teku, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu, duk a jere ba hutu. Wanda ya shiga da sunan gidan, jama'a sai su yi ta ba da gudummawa a kansa. Likitoci ne da ma'aikatan banki, masu kekunan da suka fi gidanmu tsada. Sukan zo ziyara cikin rigunansu masu ruwan hoda, su ɗauki hoto da marasa lafiya su tafi. Ban ƙi su ba, da kuɗinsu ake sayen waken da muke ci. Na dai lura duk zuwansu sai Zuleide ta tsare ɗaya da tambaya. Ruwan da zurfi? Babban mutum na iya koyo? Na ɗauka zaman kaɗaici ne ya sa ta surutu.

Wata Lahadi Genival ya zo da busasshen kifi da garin rogo a buhu. Zuleide na kwance a ragar lilo, kanta ba ko silin gashi, ta ɗaure shi da ɗankwali.

Ta ce, “Geno, zauna. Na yi bakance.”

“Madalla. Canindé za mu je, garin waliyyi? Ko a ƙasa ne zan taka, da gwiwa ma in kina so.”

“Ba Canindé ba. Na ce wa waliyyi São Francisco mijina zai yi tseren nan na gidan Dona Lindalva, daga farko har ƙarshe.”

Ya yi dariya, ya dube ni ko ni ma zan taya shi. Ban taya shi ba.

“Leide, allurar nan ta fara taɓa miki kai? Ni? Ni da ko a baho ba na yarda ruwa ya wuce mini cibiya?”

“Na riga na faɗa, kuma ya ji.”

“To ki koma ki ce masa ya canza! Zan kai masa akuya. Zan yi wa cocinsa fenti.”

“Waliyyi ba ɗan kasuwa ba ne, Geno.”

Haka muke yi, ba sabon abu ba ne. Uwa ta yi bakance cewa ɗanta zai sa doguwar rigar waliyyi shekara guda, ba ta nemi shawararsa ba, kuma dole ya sa. Mace ta yi da sunan mijinta. Wanda aka ambata shi ke cikawa. Abin da za a yi wa waliyyi kowa na iya ji, amma abin da aka roƙa yana tsakanin mai roƙo da shi, ba a faɗa sai an samu. Genival bai tambaya ba. Me zai tambaya? Mace kwance da ciwon daji, me za ta roƙa in ba lafiya ba? Ni ma haka na ɗauka. Daga ranar ya sa wa ransa cewa rayuwar matarsa na rataye da iyonsa.

Ya fara a tafkin da ke bayan tudun yashi, inda mata ke wanki. Ya ɗaura jarkokin mai biyu a hammata, ya ɗaura igiyar jirgi a ƙugu, Deda na zaune a kan gaɓa riƙe da ɗaya bakin. Shi ma Deda bai iya iyo ba. Dogo ne siriri mai haƙori ɗaya a gaba, bakinsa ba ya hutawa.

“Buga ƙafa, mutumina! Ƙafa na ce, ba baki ba! Ka rage wa mata ruwan wanki!”

“In na fito sai na karya maka sauran haƙorin.”

“Fito tukuna.”

Kafin mako ya zagayo duk gari an daina kiransa Genival, sai Agwagwa. In ya wuce ta rumfar masu shan giyar rake, sai a ji wani ya ce, “Agwagwa, yau ƙwai nawa?” Wasu tsofaffi suka ƙi hawa jirgi ɗaya da shi. Mai horar da 'yan tseren ya nuna masa yadda ake yi sau ɗaya a wani wurin iyo a birni, ya dawo yana tarin ruwa mai warin magani, ya ci gaba da nasa a tafki. Aka ba shi aron keken tsere, ya faɗi da shi tun bai bar ƙofar gida ba, ya mayar musu abinsu. Ya koma kan baƙin kekensa na kai kifi kasuwa, ya dai cire akwatin. Gudu kuma ba takalmi yake yi, wai takalmi na toye masa ƙafa.

Tsakanin allura da allura mukan dawo gida mu yi kwanaki. Wata rana Zuleide ta sa aka ɗora ta a amalanken jaki aka kai ta bakin tafkin. Ta zauna a inuwar yazawa tana kallon mijinta na dukan ruwa yana nishi, jarkoki na ƙara. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar da rabona da ji tun kafin ciwon. Shi kuwa da ya hango ta sai ya kwance jarka ɗaya don ya burge ta, nan take ya nutse, Deda ya jawo shi yana zage-zage. Wannan ce ranar daɗi ta ƙarshe da zan iya tunawa.

Gudummawa kuma garinmu ya yi bakin ƙoƙarinsa. Waɗanda ke kiransa Agwagwa su ne suka haɗa wasan lambobi a harabar coci bayan ibada, aka sa bunsuru a matsayin kyauta, Deda na kiran lamba. Wanda ya ci bunsurun ya mayar, aka sake bugawa, na biyu ma ya mayar. Sai da dabbar nan ta gaji da hawa kan tebur. Mata suka sayar da wainar rogo da leshi. Abin da aka tara Jaciara ta kai wa Dona Lindalva a gwangwanin madara.

Sai ciwon ya shiga ƙashi, ya shiga hanta. Likita ya kira ni gefe ya ce mu kai ta gida, a riƙa ba ta maganin rage zafi. Na san abin da wannan ke nufi, Zuleide ma ta sani. Genival ne kaɗai ya fassara shi da wata fassara dabam. A ganinsa shi ne bai yi ƙoƙari ba, waliyyi na ganin kasalarsa. Sai ya ninka abin. Ya bar tafki ya koma teku, Deda na bin sa a jirgi da igiya. Da asuba ruwa, da rana keke har garin gaba, da yamma gudu a kan yashi. Ya rame, idanunsa suka faɗa. In ya shigo ɗaki sai ya zauna a ƙasa kusa da ragarta, ya ce, “Leide, yau na wuce dutsen nan,” kafin ta amsa barci ya kwashe shi a zaune.

Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke riƙe mata kwano in tana amai. Jaciara, yarinya 'yar shekara sha huɗu, ita ke wanke zannuwa. Shi kuwa yana can yana koyon abin da ya ƙi koya lokacin da matarsa ke da lafiya. Wallahi na tsane shi a watannin nan. Wata safiya na tare shi a ƙofa, yana ɗauke da igiyarsa.

“Ina za ka?”

“Kin sani.”

“Matarka ba ta sa komai a baki ba tun jiya. Ƙafafunta sun kumbura. Ka duba kuwa?”

“Marluce, matsa.”

“Ba zan matsa ba! Mutuwa take yi, Geno. Mutuwa! Kai kaɗai ne a garin nan ba ka gani ba. Ka ajiye igiyar nan ka zauna ka riƙe mata hannu.”

“In na zauna, wa zai cika? Ke?” Ya ƙanƙame igiyar. “Riƙe hannu ya taɓa warkar da wani? Kina tsammani daɗi nake ji? Kullum in na sa ƙafa a ruwan nan sai tsoro ya kama ni. Amma abu ɗaya ta nema a wurina, kuma shi zan yi.”

Ya ture ni da kafaɗa ya fita. Na bi shi da zagin da ba zan maimaita ba. Da na koma ciki, Zuleide ta buɗe ido. Ashe ta ji komai.

“Zo nan, sarkin faɗa. Rufe ƙofar.”

Na zauna ina huci. Na ce, “Yaya, ki janye bakancen nan. Ki sa a kira fadan coci ya sauya shi. Kin ga ba abin da ya ƙara miki.”

“Wa ya ce miki don ni na yi?”

Na dube ta.

“Ni tawa ta ƙare tun ranar da na ga fuskar likitan farko. Ban roƙi lafiya ba, Marluce, ba na roƙon abin da na san ba za a ba ni ba. Cewa na yi kada teku ta cinye wa Jaciara uba. Uwa za ta rasa, wannan ba makawa. Amma ba za a raba ta tsakanin dangi ba kamar kayan gado. Kin manta gidan gwaggo? Ni ban manta ba.” Ta huta, ta nemi ruwa, na jiƙa mata leɓe. “Shekara nawa ina roƙonsa da bakina? Ni zai iya ce mini a'a. São Francisco kuwa ba ya iya ce masa.”

“To ai kin faɗa mini. Kin ɓata.”

“Ke ba wani ba ce, ke rabin jikina ce, waliyyi ya san haka. Amma shi kada ya ji. In ya ji yau, gobe ya ajiye igiyar ya zo ya tare a nan yana kallona. Rantse.”

“Yaya, ba kya son ya zauna da ke?”

Ta juya fuska ga bango. “Ina so mana. Ba abin da nake so kamar wannan. Rantse, na ce.”

Na rantse da kabarin mamarmu. Daga ranar ban sake tare masa ƙofa ba. Haushin bai tafi ba, sai dai na rasa wanda zan ɗora wa.

Ta rasu da hantsi, saura 'yan makonni a yi tseren. Ni da Jaciara ne a kanta. A daidai lokacin shi yana teku, kuma ranar ce farkon da ya yi iyo daga bakin mashiga har gaɓa ba igiya. Ya taho a guje, jiƙe sharkaf, tun daga nesa yana ƙwala kira: “Leide! Leide, ba igiya! Tambayi Deda!” Ya shigo ya tarar na riga na ɗaure mata haɓa. Ya tsaya, ruwa na ɗiga daga wandonsa a kan siminti. Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni ko ta kira sunansa, na ce ta kira, kuma gaskiya ne.

Bayan an binne ta ya rataye keken a bango, ya ce ya gama. Dona Lindalva ta bugo waya ta ce ba wanda zai ga laifinsa. Ita mutumiyar birni ce. Tsofaffin matan garinmu kuwa suka cika mini ɗaki, don kowa ya sani wanda ya mutu da bakance a wuyansa ba ya kwanciya a kabari, yawo zai yi ta yi har nasa su cika masa. Ni aka tura, tunda ni ce marar kunya. Na same shi a gindin jirgi yana gyaran ƙugiya.

“Me zan cika?” ya ce. “Me aka ba ni? Na sha ruwan gishiri, an mai da ni abin dariya, ya ɗauke ta duk da haka.”

Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na ce, “Kai da waliyyi ku ƙarata. Amma yayata ta sha wahalar da ta ishe ta a duniya. Ba za ta yi yawo a kan yashin nan don kai kana fushi ba.”

Ya daɗe yana murza zare. Washegari na ga keken ba ya kan bango.

Ranar tseren teku ba ta kwanta ba. Mutane ɗaruruwa a bakin ruwa, kiɗa, lasifika, kowa da tabarau na roba da matsattsun kaya. Genival na can baya cikin rigar ruwan hoda da Jaciara ta ɗinka wa sunan uwarta a ƙirji. Aka busa, kowa ya ruga cikin ruwa, shi yana tsaye. Deda ya yi masa ihu daga bayan shinge: “Agwagwa! Jira kake a kawo maka jarka?” Sai ya shiga, ko alamar gicciye bai yi ba.

Na tsaya a kan yashi ina bin kansa da ido, yana ɓacewa yana bayyana. Ban san ina addu'a ba sai da Jaciara ta ce in sassauta, ina murƙushe mata yatsu. Mutane suka yi ta fitowa suna wucewa, har bakin ruwa ya zama ba kowa. Masu ceto suka matsa kusa da shi da ƙaramin jirginsu, ya kore su da hannu. Shi ne na ƙarshen fitowa, da rarrafe. Wani matashi mai kula da tsere ya tare shi cikin ladabi ya ce lokaci ya wuce, doka ba ta bari ya ci gaba ba.

Genival ya cire lambar da aka manna masa ya miƙa masa. Ya ce, “Ɗana, ba da kai aka yi maganar ba.” Ya ɗauki kekensa, wanda shi kaɗai ya rage a filin.

Kafin ya yi rabi an buɗe hanya, motoci na danna masa ƙaho, Deda na bin sa a bayan ɗan acaɓa yana zagin direbobi. Gudun kuma rana ta take, kwalta ta yi zafi, ƙafa ba takalmi. Da ya iso an kashe kiɗa, ma'aikata na kwance ƙarafa suna lodawa a mota. Dona Lindalva ce kawai ta rage, da wasu mata marasa gashi daga gidanta, suna tafa masa a hankali. Bai ɗaga hannu ba. Ya durƙusa ya yi amai, tafin ƙafarsa duk ya saɓule. Da na kawo masa ruwa ya ce, “Ta kwanta yanzu?” Na ce ta kwanta.

Labarin masuncin da ya yi tsere ba takalmi ya bazu, gudummawa ta shigo fiye da kowace shekara, aka yi wa gidan sabon rufi, aka ƙara gadaje. Suka gayyace shi bikin buɗewa, bai je ba. Ya koma kamun kifinsa. Ɗan gunkin São Francisco da ke kan kantar Zuleide ya juya masa fuska ga bango, bai sake taka coci ba, bai sake shiga ruwa da gangan ba. In wani ya ce Agwagwa, sai ya yi kamar bai ji ba, har sunan ya mutu.

Shekara biyu bayan haka, a watannin iska, jangadarsu ta kife da la'asar a bakin mashiga, wurin da ya ci babanmu. Muna kan yashi, mata da yara, ba abin da za mu iya sai ihu. Na hango kawuna biyu a manne da juna. Suka daɗe a haka, suna matsowa kaɗan-kaɗan. Wata babbar igiyar ruwa ta rufe su, da ta wuce sai kai ɗaya. Kan nan ya yi ta zagaye a wurin yana nitso yana tasowa, sannan ya juyo ya nufo gaɓa. Jaciara ta faɗa ruwa har ƙirji ta kamo babanta. Deda sai washegari teku ta dawo da shi, can ƙasa da gari.

Bayan jana'iza Genival ya zo ya zauna a dakalin ƙofata. Hannuwansa duk yagar farcen Deda. Na ba shi kofi, bai sha ba.

“Na riƙe shi, Marluce. Wallahi na riƙe shi. Har wasa yake mini, wai in buga ƙafa.”

“Na gani.”

“Shi da ya riƙe mini igiya wata da watanni.” Ya ajiye kofin. “Ina cikin ruwan nan ina ta tunanin Leide. Ba ta taɓa ce mini ‘in na warke’ ba. Ko sau ɗaya. Cewa kawai take, yau ina ka kai?” Ya ɗago ya dube ni. “Kin sani, ko? Me ta roƙa?”

An riga an ba ta abin da ta roƙa, rantsuwata ta sauka. Na nuna masa Jaciara, tana can tana shanya rigarsa a igiya. Na gaya masa duka, yadda ta faɗa, har da gidan gwaggo.

Na zaci zai ji sanyi a ransa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta lalace haka ba. Ya kifa kai a gwiwa, kukan da bai yi ba ranar mutuwarta ya ɓalle masa, babban mutum, a bakin hanya, mutane na wucewa.

“Watanninta na ƙarshe,” ya ce. “Tana kwance tana mutuwa, ni ina can ina wasa da ruwa. Da ta tambaye ni, da na zauna. Da ko ƙofa ban leƙa ba. Na yarda teku ta ci ni daga baya, da na zauna!”

Na ce, “Ta sani, Geno. Shi ya sa ba ta tambaye ka ba.”